Kwalin da Na Zana wa Motar Tumatirin Kawu Iro

Ku da kuke zama a bencin shagon caji kuna cewa wai Sabi'u ba shi da sana'a, zane-zane kawai yake yi a bayan kwali, ku matso ku ji. Jiya ma wani a cikinku ya ɗaga min waya ya ce ga taswira nan a ciki, har magana take yi. Na ce to, tambaye ta hanyar fadamar Kawu Iro. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ƙarshe ta nuna masa fili fari fat kamar ba a taɓa haihuwar mutum a wurin ba. To ni a wannan farin filin nake cin abinci.

Kun dai san makaranta ba ta riƙe ni ba. A aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye, ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Na yi gyaran waya wata huɗu, na sayar da rake, na yi wankin mota, na je koyon ɗinki na yi kwana tara. Acaba ce kaɗai ta dace da jinina, don ita ba a zama. Shekara biyar ina yawo tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, har ya zama babu wata 'yar hanya da tayar mashin ɗina ba ta taka ba.

Zanena na farko a teburin mai shayi na yi shi, ranar kasuwar Makarfi. Wani direba baƙo ya tsaya yana tambayar hanyar wata gonar rake, mutum biyar suka taso masa, kowa na nuni da hannu, wannan ya ce ka bi ta wajen tsamiya, wancan ya ce ai tsamiyar ta faɗi tun bara. Mutumin ya tsaya kamar zai yi kuka. Na jawo kwalin sukari, na ari biron mai shayi, na zana masa. Da kasuwa ta zagayo sai ga shi yana cigiyar mai kwalin nan, ya zo da wasu direbobi biyu. Daga nan kaina ya kumbura. Na ce ashe abin ba wuya, kamar yadda kuke faɗa yanzu.

Shekarar da ta koya min hankali ita ce ta tumatirin Kawu Iro, yayan mahaifiyata. Yana da fadama can wajen Taba, nesa da kwalta, yana noman rani. Da can da amalanken shanu ake fito masa da kwanduna bakin titi. A shekarar tumatir ya yi kyau ƙwarai, ya ce amalanke ba za ta iya ba, yana so babbar mota ta shiga har cikin gona. Ya ce in zana wa direba hanya. Kafin shayina ya huce na gama. Hanyar yashi ce gajeriya, na bi ta a mashin sau ba adadi.

Mota ta shiga lafiya lau. Aka yi lodi, aka ɗaure, aka juya ta da ƙyar a wata gonar da aka girbe, ta kamo hanyar fita. Akwai wani wuri da magudanar ban-ruwan maƙwabcinsa Ɗanlami take tsallaka hanya. Ni kullum da yamma nake wucewa, lokacin ya bushe, ko bai bushe ba mashin tsalle ɗaya yake yi. Ban taɓa sa wurin a raina ba, balle a kwali. Ranar kuwa da safe Ɗanlami ya ba albasarsa ruwa. Motar da ta wuce fayau tana wofi, da ta dawo da kaya sai ta zauna a wurin kamar saniyar da ta ƙi tashi. Kwana biyu kafin a samo tarakta ta ja ta. A rana ta biyu jan ruwa ke ɗiga daga kwanduna, warin har ƙauyen gaba. Kawu bai zage ni ba. Ya sa aka tsince abin da zai yanku aka shanya kauɗa, sauran aka zubar. Direbobi suka gaya wa juna, babu wanda ya ƙara yarda ya shiga fadamar. A tasha kuma sunana ya koma Sabi'u Kafe, har masu sayar da ruwan leda da shi suke kirana.

Mahaifiyata ce ta tura ni wurin Malam Tanimu. Tsoho ne a nan Ikara, ya yi shekaru a ofishin filaye yana jan sarƙar awo a bayan safiyo kafin ya yi ritaya. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi gida da gajiya da mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in nuna masa kwalin da ya kafe mota. Ya duba ya daɗe. Ya ce zanen ya yi kyau, hannuna na da tsabta, amma wa na zana wa? Na ce direba. Ya ce a'a, kaina na zana wa. Ya ce wannan taswirar saurayi ce mai mashin, mara kaya, da yamma, wanda ya riga ya san hanya.

Horon da ya yi min, in na faɗa za ku ce ƙarya ce. Zai ce in zana hanya daga ƙofar gidansa zuwa wani gida a bayan kasuwa. Sai mu tare baƙo, mai tallan goro ko wanda ya sauko daga mota, mu roƙe shi ya bi takardar. Ni kuma in guntsi ruwa a baki in bi shi a baya. In na haɗiye ko na zubar, an sake daga farko. Ku da kuka san bakina ku yi tunani. Mutum zai kai kwana ya tsaya yana juya takarda, ina ganin ya nufi hanyar da ba ita ba, kumatuna cike da ruwa, sai gurnani nake yi. Malam Tanimu na tafe a gefe da sandarsa yana dariya har da hawaye. Yakan ce ranar da mota za ta bi takardarka kana wani gari, bakinka ba ya wurin. Wata uku ina shan ruwan nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Alƙalamin maka baƙi mai kauri, ja guda ɗaya don wurin haɗari, biro, kwali, bayan tsohuwar kalanda, salatif, leda. In damina ce a farin buhun taki nake zanawa, don shi ruwa bai dame shi ba, a naɗe a cusa a aljihu. Ruwan toka da kore na daina saya, a rana ba a ganin su. Mitar mashin ɗina ta mutu tun kafin in saye shi, saboda haka da kwalbati nake awon nisa, ko da falwaya inda akwai wuta. Direba ba ya ƙirga kilomita, amma duk kwalbatin da ya hau sai ya ji shi a ƙugunsa.

Wani ɗan acaba sabon zuwa ya taɓa cewa in zana masa ƙauyukan bayan Likoro. Na zauna na yi masa aiki na gani na faɗa, kowace rijiya, kowane masallaci. Bayan kwana biyu ya dawo da gwiwa a kurje, wai yana karatun takardar ya faɗa kunyar gona. Tun daga ranar, taswirar mai mashin ba ta wuce kwanar hanya uku ko huɗu, manya-manya, a manne a tanki, kallo ɗaya ya ɗauke ido. In hanyar ta fi haka sai in yi masa takarda biyu.

Wasu dattawa kuma a Kudan suka sa na zana musu iyakokin gonakin gandu da za su raba wa 'ya'ya. Na sa arewa a sama yadda Malam Tanimu ya ce ake yi a ofis. Suka shimfiɗa a tabarma suka kasa gane komai. Sai babban cikinsu ya juya takardar a hankali har gabas ta koma gabansa, nan take kowa ya gane gonarsa, gardama ta ɓarke. Mutanenmu daga alƙibla suke fara lissafin duniya. Yanzu in ta dattawa ce gabas ke sama, sunaye da ajami, wani malamin unguwarmu ke rubuta min. In ta ofis ce in sake wata da arewa a sama. Gona ɗaya, takarda biyu, kowa ya ce tasa ce daidai.

Matan da ke yawon allurar rigakafi su ne suka fi ba ni wuya, kuma su suka fi koya min. A ƙafa suke tafiya, da akwatin sanyi a kafaɗa. Ba ruwansu da kwalbati. Shugabarsu ta zaunar da ni ta ce abin da suke so su sani shi ne ta ina ƙofar kowane gida take kallo, wane gida ke da kare, ina za su sami inuwa da ruwa su yi azahar, wace hanya ce ke bi ta gaban majalisar maza don su kauce mata. Shekara biyar ina wuce ƙauyukan nan ban taɓa lura da ko ɗaya ba. Sai da na ajiye mashin na taka da ƙafata. Taswirar watan takwas ma daban take da ta watan uku, don in dawa ta yi tsawo duk hasumiyar da ka sa a matsayin alama ta ɓace, mutum ba ya ganin komai sai kara da sama.

Masu cewa a ɗauki hoto a tura ta waya su ma na koyi halinsu. Rabin wayoyin direbobi fuskarsu a fashe take, ga rana, ga maiƙo a yatsa. Siririn layi ba ya kai labari. Dole zanen ya zama dogo a tsaye, layi kamar yatsa, babu ƙananan rubutu.

Ina cikin wannan rani ya zagayo. Wata safiya ina wanke mashin sai ga Kawu Iro a ƙofar gida, ya sha hanya tun daga Taba. Na durƙusa, muka gaisa, ya shiga suka gaisa da ƙanwarsa, ya fito ya zauna a kan turmi. Ya ce tumatir ya fi na bara. Ya ce ɗaya daga cikin shanunsa ya mutu, amalanke ba za ta yi ba, kuma ɗiba ta farko saura kwana goma. In ya sake asara irin ta bara, fadamar zai bayar aro ya haƙura da noman rani.

"Kai ka kafe motar bara," ya ce. "Kai za ka fito da ita."

Na ce Kawu ai akwai masu hankali a gari. Ya ce ya sani, amma su ba su ji warin bara ba.

Abin da na fara yi, na je tashar Makarfi na sami motar da aka gama wa lodin kwanduna, na auna tsayinta da gora tun daga ƙasa har kwandon ƙarshe, na auna faɗinta. Na ɗaure gora ɗaya a tsaye a bayan mashin, ɗaya a gicciye. Haka na ratsa gari. Mutane suka fito ƙofar shaguna, wani ya ce Sabi'u Kafe ya koma kama tashar talabijin, wani ya ce a'a, aljanu yake wa sabis. Na ɗaga musu hannu na wuce. Duk inda gorar ta taɓa, mota ma za ta taɓa.

Hanyar yashi na san ba ta fita da kaya. Amma akwai wata da ta zarce daga gonar Kawu ta gaba, ta marmara, mai tauri, ta zaga ta wata 'yar unguwa ta fito kwalta can gaba ta ɓangaren Likoro. Ta ninka ta yashi tsawo, shi ya sa ba mai bin ta. Na bi ta da rodi a hannu ina soka ƙasa da safe, ina soka da yamma. Na zauna da Ɗanlami na ji ranakun ban-ruwansa, muka yi da shi ranar ɗiba ba zai tayar da inji ba sai ya ga mota ta shige gona. Gonar da aka juya mota bara an dasa mata rogo, wurin juyi babu. Saboda haka dabarar ta zama ɗaya: a shiga ta yashi babu kaya, a yi lodi, a zarce gaba a fita ta marmara.

A 'yar unguwar nan gorata ta maƙale. Wani mangwaro ne babba, reshensa ya gitta hanya, ya yi fure fal. Na sauka ina dubawa sai ga mai shi, wata tsohuwa Iya Abu, ta fito da muciya a hannu. Na gaishe ta har ƙasa, na yi bayani, na ce reshe ɗaya ne kawai za a rage.

"Ka taɓa shi, ni da kai sai gaban mai unguwa," ta ce. "Tumatirin kawunka ya fi mangwarona uwa ne?"

Na koma washegari da goro, ta karɓi goron ta ce ba ta sauya ba. Na koma rana ta uku na zauna kawai a gindin bishiyar ina kallon reshen. Ta leƙo ta ce wai ni ba ni da aikin yi ne. Da ta gaji da ganina sai ta ce yaran zamani ba mu san komai ba sai sara. Marigayi mijinta in reshen ya yi nauyi da 'ya'ya gwafa yake sa masa. Reshe ai ɗaga shi ake yi. Ta nuna min dogayen gwafanni biyu a bayan rumbu. Muka gwada da mazan gidan, reshen ya ɗagu, gorata ta wuce har da sauran tazarar hannu. Muka yi da su duk motar da ta tsaya ta danna hon sau uku, su fito su ɗaga. Iya Abu ta ce ita za ta tsaya da kanta, fure ɗaya ya faɗi ta san inda za ta same ni.

Direban da ya yarda sunansa Mamman Dogo, shi ma sai da Kawu ya bi shi har gida. Ba ya karatun boko, saboda haka ban sa harafi ko ɗaya ba. Kwali ɗaya, fuska biyu: gaba hanyar shiga, baya hanyar fita. Kwalbati sanda-sanda, magudanar Ɗanlami da ja, mangwaro da ɗigo uku a gefensa. Na kai masa tasha kwana uku kafin ranar, na miƙa masa na kama bakina. Ya bi da yatsa yana faɗa da kansa, nan kwana, nan kwalbati na biyu, nan in yi hon. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce in dai ya kafe, ni zan ɗauko motar a ka. Na ce na yarda. Abu ɗaya ban tambaye shi ba, daga ina zai taso ranar. Na ɗauka daga Makarfi, tunda nan na same shi.

Ranar ɗiba, bayan asuba na je na tsaya a bakin hanyar yashi don in ga shigarsa da idona. Gari ya waye, rana ta fito, motoci na wucewa, babu Mamman Dogo. Na kira, ba ta shiga, fadamar ba sabis. Na ce ko taya ce. Na ƙara jira. Da hantsi ya fara zafi na kasa tsayuwa, na ce bari in je in ba Kawu haƙuri.

Ina isa gona na tarar da biki. Mota tsaye a tsakiya, 'yan lodi na miƙa kwanduna suna waƙa, an jera sahu biyu, Mamman Dogo zaune a inuwa yana shan kunu, Kawu na murmushi. Na ji daɗi na daƙiƙa ɗaya. Sai na lura da hancin motar. Ni yake kallo. Wato hanyar yashi yake kallo, daidai inda ta bara ta zauna.

Ashe a Zariya ya kwana, ya biyo ta Likoro, bakin hanyar marmara ya fara tararwa. Ya duba kwali ya ga ta a zane, ya bi ta daga ƙarshe zuwa farko. Har hon uku ya yi a mangwaro, mutane suka fito suka ɗaga wa motar wofi reshe.

"Takardarka ta yi kyau, ɗan samari," ya ce. "Ta baya ma karantuwa take yi."

Na ce a tsayar da lodi. Ba wanda ya ji ni sai da na hau kan taya na ɗaga murya. Na nuna musu: gaba yashi da magudana, baya tafiya mai nisa da kwana-kwana da ba a yi da ribas, dama rogo, hagu tumatir. Waƙa ta mutu. Kawu ya dubi hancin motar, ya dubi kwandunan da ke jere a rana. Mamman Dogo ya ce shi zai taka ta da gudu ya tsallake magudanar, ya yi abin da ya fi wannan. Na ce na bara ma haka ya faɗa.

Na tsuguna na share ƙasa da tafin hannu, na zana da tsinke. A sauke abin da aka ɗora. Mota ta zarce wofi ta hanyar yashi ta fita kwalta, ta juya a can inda akwai fili, ta dawo ta yashin, hancinta ya kalli marmara. 'Yan lodi suka ce wa zai sauke abin da ya riga ya hau. Mamman Dogo ya ce gas ɗinsa ba daga rijiya yake ɗebowa ba. Ana cikin wannan sai muka ji ƙarar inji daga ƙasa. Ɗanlami ya ga mota a cikin gona, ya cika alkawari, ya tayar da ban-ruwa.

Ban san lokacin da na fizgi fartanyar wani na hau mashin ba. Na tarar ruwa ya kamo magudana yana tafiya a hankali kamar maciji, saura 'yan taku ya hau hanya. Na sare gefen magudanar na juya shi cikin albasar Ɗanlami, na tare gaba da ƙasa, da hannu da ƙafa. Ɗanlami ya taho a guje yana cewa zan kashe masa albasa da ruwa, wannan fangalin jiya ya sha. Na ce ya kashe inji, in ya so ya kashe ni daga baya. Ya tsaya ya dube ni, laka har gira, dariya ta kama shi, ya koma ya kashe.

Da na dawo na tarar Kawu da kansa ya hau mota yana miƙo kwando, tsoho da shi. Ganin haka 'yan lodi suka ji kunya suka karɓe shi. Aka sauke, aka lulluɓe kwandunan da ganye da buhuna. Mota ta tafi wofi, ta tsallake magudana a bushe, muka bi ƙurarta da ido har ta ɓace. Jiran nan ya fi na safe tsawo. Wani ɗan lodi ya ce in shi ne direban, in ya hau kwalta ba zai dawo ba. Aka ce ya rufe mana baki. Can sai ga ta, hanci a inda ya kamata.

Lodin da aka yi ranar ban taɓa ganin mai saurinsa ba. Kafin a gama na karɓi kwalin daga hannun Mamman Dogo, na zana mota wofi a fuskar shiga, na zana mota da tulin kwanduna a fuskar fita, kowace da hancinta inda za ta nufa, na sa jan hannu a bakin marmara alamar ba a shiga ta nan. Ya duba ya ce da na yi haka tun farko da yanzu yana Kaduna. Na ce gaskiya ne.

Mota ta tashi kafin azahar. Kawu ya ce shi ma zai raka ta, ya hau bayana. Muka biyo ta a baya, ba a gaba ba, don kwalin na hannun direba. Tana tafe tana rangaji, kwanduna na ƙara, marmara ko gezau. Kawu ya riƙe kafaɗata da hannu ɗaya, riƙo mai zafi, duk kwalbatin da ta hau sai ya ƙara matsewa. A mangwaro ta tsaya, hon uku. Maza suka fito da gwafanni, Iya Abu na tsaye da hannu a ƙugu tana cewa sau biyu a rana ɗaya, bishiyarta ba ƙofar kasuwa ba ce. Reshe ya ɗagu. Mota ta shige a hankali, kwandon sama ya shafi ganye, fure biyu ko uku suka sauko. Ta tsince su ta ɗaga min su daga nesa. Na sunkuyar da kai. Mamman Dogo ya miƙo mata tumatir cikin hularsa ta taga, ta karɓa tana ci gaba da faɗa.

Daga nan kwalbati biyu suka rage. Tayoyin gaba suka hau kwalta, na baya suka biyo, motar ta miƙe, Mamman Dogo ya fito da hannu ya kaɗa kwalin a iska ya tafi da shi. Muka tsaya a bakin titi har ƙararta ta daina zuwa. Sai a lokacin Kawu ya saki kafaɗata, na ji jini ya dawo hannuna.

Na tambaye shi ta wace hanya zan mayar da shi gona, ta yashi ko ta marmara.

"Bi duk wadda ka gani," ya ce, ya gyara zama.